Sanarwar Bayan Taron Wakilan Ikilisiyoyin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa Kan Dangana ga Nufin Allah a Lokacin Masifa

Wakilan ikilisiyoyi daga ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a jihar Katsina sun yi zaman addu'a da shawara bayan an gama shigar da amfanin gona. Mahalarta sun haɗa da fastoci, masu bishara, katikis-katikis, dattawan ikilisiya, shugabannin zumuntar mata da na matasa daga ɗariku daban-daban, tare da 'yan'uwanmu da yanzu suke zaman gudun hijira a Funtuwa, Malumfashi da Zariya. Saboda halin da ake ciki, taron ya yarda kada a ambaci wurin da aka zauna, kada kuma a rubuta sunan duk wanda ya yi magana.

Tambaya ɗaya ce ta tara mu: yaya mai bi zai sallama wa nufin Allah sa'ad da abin da bai taɓa zata ba ya faɗo masa?

Abin da ya kawo mu

Babu wanda ya zo taron nan da labarin ji-ta-ji-ta. A Yunin 2020 garin Kadisau na Faskari ya binne mutanensa da dama a rana ɗaya. A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai cikin daji a ƙafa. Sai ranar 17 ga wata aka sako su, gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce yara 344 ne suka dawo. A Mayun 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, aka tafi da dattijo Fada Joseph Keke. Shekara na zagayowa aka ɗauke Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara daga Gidan Maikambo ta ƙasar Ƙafur, suka yi kimanin wata guda a hannun masu garkuwa. Ranar Lahadi, 15 ga Janairu 2023, ana cikin sujada aka afka wa majami'ar Sabon Rai Don Kowa a Gidan Haruna ta ƙasar Ƙanƙara, aka ji wa fasto rauni, aka tafi da masu sujada. A farkon Fabrairun 2024 aka tare mata 'yan rakiyar amarya a yankin Damari na Sabuwa, aka shige da su daji da kayan bikinsu a jiki. Garin 'Yargoje ma ya sha nasa harin a Yunin 2024. Ranar 19 ga Agusta 2025 kuma aka buɗe wa masallata wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi.

Taron ya tsaya a kan wannan na ƙarshe, ya yi addu'a domin iyalansu. Muna faɗa a fili cewa mafi yawan waɗanda aka kashe ko aka sace a jihar nan maƙwabtanmu Musulmi ne, waɗanda muke kasuwa ɗaya da su, muke yin gayya tare, da yawa ma jininmu ɗaya. Duk wanda ya ba da labarin wahalarmu ya ɓoye tasu bai faɗi gaskiya ba. Haka nan wanda ya ce babu abin da ya shafi Kirista musamman, shi ma ya rage. Mu 'yan tsiraru ne, yawancinmu manoma a ƙauyuka da gidajen gona da ke bakin daji, kuma idan ƙauyen masu bi ya watse, sau da yawa da majami'arsa da makarantarsa yake watsewa, ba mai komawa.

Abin da taron ya fahimta

An daɗe ana tattaunawa a kan maganar da take bakin kowa a gidan makoki, wato haka Allah ya so. Da ita muka tashi, kuma ta riƙe zukata da yawa da suka kusa tarwatsewa. Taron bai ce a daina faɗinta ba. Amma ya lura cewa ana ɗora mata kayan da ba nata ba. Da ita ake rufe bakin gwauruwa idan ta tambayi dalilin da aka yi ta kiran jami'an tsaro ba su zo ba. Da ita ake wanke infoma da ya nuna gidan maƙwabcinsa. Har ta kai wasu matasanmu suna tambayar fastocinsu ko Allah ne ya aiko waɗanda suka kashe iyayensu, idan kuwa shi ne, don me za a ci gaba da yi masa sujada. Wannan tambaya ba ta raini ba ce, kuma bashi ce a wuyanmu.

Ga amsar da taron ya tsaya a kai. Babu abin da yake faruwa a bayan idon Allah, babu kuma wanda ya fi ƙarfinsa. Amma kisa da fyaɗe da satar mutane zunubi ne, mai yin su ne zai amsa, tare da wanda ya sayar masa da harsashi da wanda aka ba amanar tsaro ya yi sakaci. Yusufu ɗan Yakubu, a ƙarshen Littafin Farawa, ya shaida cewa Allah ya juya abin da aka yi masa ya zama ceton jama'a, duk da haka ya kira abin da 'yan'uwansa suka ƙulla mugunta a gaban idonsu. Abin da mai bi yake sallamawa shi ne ransa, da gobensa, da hakkin ramuwa, da neman sai ya san dalilin kowane abu kafin ya dogara. Waɗannan na Allah ne. Gaskiya kuwa ba a ce ya sallama ta ba, kuma hankalin da Allah ya ba shi yana nan a hannunsa.

Taron ya kuma yi doguwar magana a kan kuka. A wasu ikilisiyoyinmu an mai da hawaye alamar ƙarancin bangaskiya. Mace tana gaban gawar ɗanta ana ce mata ta yi shiru, mai bi ba ya kuka. Ba haka muka gani a wurin Ubangijinmu ba. A Getsamani Yesu ya roƙa har sau uku a ɗauke masa abin da ke gabansa, cikin baƙin ciki mai tsanani, kafin ya miƙa kansa ga nufin Uba. Ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Ayuba ya yi gunaguni babi bayan babi, kuma a ƙarshen littafin abokansa da suka nace cewa laifinsa ne ya jawo masa, su Allah ya tsawata wa. Saboda haka dangana tana iya zuwa a hankali, bayan watanni, wani ma bayan shekaru, kuma ba aikin fasto ba ne ya sa mata ranar ƙarewa. Wata uwa daga cikin zumuntar mata, wadda aka kashe mijinta a gona, ta gaya wa taron cewa ta yi damina guda cur ba ta iya buɗe baki ta yi addu'a ba. Takan zo sujada ta zauna a bencin baya, ta tashi kafin a sallami jama'a. Abin da ya riƙe ta shi ne matan da suka riƙa zuwa suna daka mata, suna ɗebo mata ruwa, ba tare da sun yi mata wa'azi ba. Taron ya karɓi wannan shaida a matsayin koyarwa ga masu hawa bagade.

A kan gudu da tsaro, taron bai sami wahalar cimma matsaya ba. Yusufu mijin Maryamu ya ɗauki jariri Yesu da dare ya gudu Masar. An zurara Bulus cikin kwando ta katangar Dimashƙu. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Hausawa ma sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Wanda ya kwashe iyalinsa ya koma Funtuwa bai kasa a bangaskiya ba, wanda ya zauna a ƙauye kuma bai fi shi tsarki ba. Taron ya yi tir da gorin da ake yi wa wasu fastoci da masu bishara da suka bar wurin aiki bayan an yi musu barazana.

Kuɗin fansa

A nan ne muryoyi suka rabu, kuma ba za mu ɓoye ba. Kowa a zauren ya san yadda abin yake. Waya takan shigo da dare, a ji muryar wanda aka kama yana kuka, sannan a faɗi kuɗin da duk ƙauyen bai taɓa gani ba. Sai a fara da rumbu. Masara ta tafi, dawa ta tafi, a kai shanun huɗa kasuwa a sayar a wulaƙance domin masu saye sun san dalili. A jinginar da gona. Ranar Lahadi farantin baiko ya zagaya sau biyu, sau uku, har tsohuwa ta kwance bakin zaninta. Bayan an haɗa, a ce sai an ƙara da sabon babur da katin waya. Wanda aka aika da kuɗin ma wani lokaci a riƙe shi. Idan Allah ya sa mutum ya dawo, sai ya tarar da gidan da babu abin da za a shuka baɗi.

Wasu wakilai sun ce biyan fansa ciyar da wutar da take cin mu ne, kuɗin da aka kai yau shi ne harsashin gobe, kuma dangana ta gaskiya ita ce a bar wa Allah. Wasu suka ce duk mai wannan magana ba a taɓa riƙe 'yarsa a daba ba. Bayan an saurari kowa, taron ya ga cewa ba shi da ikon ɗora wa kowane iyali doka a kan ran ɗansu. Abin da aka amince shi ne: kada a hukunta iyalin da suka biya, kada kuma a zargi waɗanda suka rasa abin biya da rashin ƙauna. Ikilisiya ba za ta shiga ciniki da sunanta ba, domin hakan kan sa a ɗaga farashi a kuma mai da fasto abin farauta. Amma dawainiyar iyalin tun daga ranar da aka ɗauki mutum har bayan dawowarsa, da abinci da iri da kuɗin makarantar yara, wannan nauyin ikilisiya ne, ba alfarma ba.

Waɗanda suka dawo

Shugabannin zumuntar mata sun nemi a rubuta wannan sashe ba tare da kwana-kwana ba, kuma taron ya ba su gaskiya. Akwai mata da 'yan mata da suka dawo daga daji da ciwon da ba a faɗa, wasu da ciki. An tarbe su da waƙa da godiya ranar farko, bayan mako biyu aka fara raɗa. Akwai mijin da ya ƙaurace wa ɗakin matarsa, akwai saurayin da ya janye maganar aure, akwai inda aka yi shakkar ko za a ba irin wannan mace Jibin Ubangiji. Taron ya ce wannan abin kunya ne a gare mu. Wadda aka tilasta ba ta yi zunubi ba, ba ta bukatar horon ikilisiya, ba a kuma tsai da ita gaban jama'a ta yi bayani. Ɗan da aka haifa ta wannan hanya ɗanmu ne, a raɗa masa suna kamar kowane yaro, kada a laƙaba masa sunan daji. Ga mazajen da abin ya shafa, muna cewa: 'yan'uwa, mun san zuciya tana ƙuna, ba mu raina zafinku ba. Amma idan akwai inda ake gwada sallamawa ga nufin Allah a ƙasar nan, to a nan ne, a cikin ɗakinku. Dattawa za su zauna da ku, su taya ku ɗauka.

An kuma lura cewa da yawa daga waɗanda suka dawo ba sa barci, ƙarar babur kawai takan sa su zabura, yara kan koma fitsarin kwance. Wannan ciwo ne, ba aljanu ba ne kuma ba rashin addu'a ba ne. A yi musu addu'a, a kuma kai su asibiti da wuri, musamman matan da aka ci zarafinsu, domin akwai magungunan kariya da ba sa aiki sai an sha su cikin kwana uku na farko.

Masu cin kasuwa da tsoron jama'a

Taron ya nuna damuwa a kan masu yawo da sunan annabci suna sayar da mai da ruwa da kyalle, suna cewa wanda ya shafa harsashi ba zai kama shi ba, ko suna karɓar kuɗi don su faɗi ranar da za a sako wanda aka kama. Idan abin bai faru ba sai su ce bangaskiyar iyalin ce ta gaza, su ƙara wa mai ciwo ciwo. Ba a yi wa mai bi alkawarin cewa wahala ba za ta same shi ba. Istifanas ya mutu da jifa, an sare Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi a babi ɗaya da aka kuɓutar da Bitrus daga kurkuku, kuma ba a ce Bitrus ya fi shi bangaskiya ba. Haka kuma taron ya gargaɗi matasanmu a kan layu da guraye da ake cewa maganin bindiga ne. Kada wata ikilisiya ta ba irin waɗannan mutane bagade.

Ramuwa

Ga 'ya'yanmu matasa: mun ji fushinku, kuma yana da dalili. Tsare gari tare da maƙwabta a ƙarƙashin hukuma halal ne, kuma tun da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023 akwai hanyar da doka ta sani. Amma tare Bafulatani a kasuwa ko a hanya a kashe shi don kawai kamanninsa, kisan kai ne. Kowa a yankin nan ya san yadda irin wannan ɗauki-ba-daɗi tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji ya hura wutar da har yau ba ta mutu ba, ya kuma san Fulani nawa ne aka kwashe wa shanu, aka kashe musu 'ya'ya, su ma suna gudun hijira kamar mu. Mai bi da ya bar wa Allah ramuwa bai zama rago ba. Duk wanda aka samu da hannu a kisan ramuwa ko a kai wa ɓarayi rahoto, ikilisiya ba za ta rufa masa asiri ba, ko ɗan wane ne.

Sulhu da kira ga hukuma

Mun ga sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2019, mun ga yadda ya warware. Mun sha dokokin 2021, lokacin da aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har mutum ya rasa yadda zai sanar da ɗan'uwansa rasuwa. Mun kuma ga zaman sulhun da aka yi a Faskari da Sabuwa a 2025, inda mutanen daji suka zo da makamansu a kafaɗa. Wasu wakilai sun shaida cewa sun sami shiga gonakin da suka daɗe ba su taka ba, kuma ba mu raina wannan ba. Wasu kuma sun ce zaman ɗar-ɗar ne. Mu masu son salama ne, umarnin Ubangijinmu ke nan. Sai dai gafarar da mai bi yake yi a zuciyarsa ba ta sauke wa hukuma nauyin yin shari'a ba.

Don haka taron yana kira ga gwamnatin jiha, shugabannin ƙananan hukumomin uku, hakimai da dagatai da su tabbatar an sako duk wanda yake tsare a daji, a daina karɓar harajin noma da sa mutane aikin gona na tilas, kuma duk inda za a zauna maganar zaman lafiya a sa wakilan ƙauyukan Kirista da na mata a ciki. Muna roƙon a gyara makarantu da asibitocin ƙauyukan da suka watse, a sa sunayen 'yan gudun hijirar da suke raɓe a gidajen dangi cikin rabon tallafi ba tare da duba addini ba, a kuma kare gonakin waɗanda suka gudu daga masu mamayewa. Muna yi wa sojoji, 'yan sanda da 'yan tsaron al'umma da suka rasa rayukansu addu'a, muna kuma ta'aziyya ga iyalansu.

Abin da muka ɗaukar wa kanmu

Kowace ikilisiya za ta buɗe littafi ta rubuta sunayen waɗanda aka kashe, waɗanda aka sace, da gwauraye da marayun da aka bari, a ajiye kwafi a wuri mai aminci a cikin gari. Za a ware wani kaso na baikon godiyar girbi a matsayin rumbun iri, a raba wa iyalan da fansa ta cinye kafin ruwan farko ya sauka. Ikilisiyoyin cikin gari za su karɓi yaran 'yan gudun hijira a makarantunsu, kuma inda hali ya yi a ɗauke musu kuɗin makaranta. Za a shirya wa fastoci da matansu da shugabannin zumunta horo a kan yadda ake zama da mai makoki da wanda ya dawo daga daji, a nemi ma'aikatan lafiya daga cikinmu su jagoranta. Inda hanya ba ta da kyau a rage tsawon sujada, a bar taron dare, dattawa su tsara masu lura da hanya. Idan an yi rashi a gidan maƙwabci Musulmi, wakilan ikilisiya su je gaisuwa kamar yadda iyayenmu suka saba, kuma rumbun irin da aka ambata kada a hana shi ga maƙwabcin da ya zo da bukata.

Taron ya gode wa iyalan da suka sauki baƙi, da matan da suka yi hidimar abinci. An naɗa ƙaramin kwamiti mai wakilai daga kowace ƙaramar hukuma, rabinsu mata, domin bin diddigin waɗannan shawarwari da kai wannan sanarwa ga hukumomi da shugabannin ɗariku. Za a karanta ta a dukan majami'u ranar Lahadi mai zuwa. Zama na gaba zai kasance kafin faɗuwar damina, in Allah ya kai mu, kuma za a sanar da wuri ta bakin fastoci.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakataren Taro
Wakiliyar Zumuntar Mata